Ranar da Gonar Saje Ta Koma Kamaru

Kefas shi ne na uku a 'ya'yan Saje Aaron, kuma shi kaɗai ne bai ko gwada shiga soja ba. A Zuru wannan abin tambaya ne. Yayyensa biyu suna cikin kaki, hotunansu na rataye a falo kusa da na ubansu, kowa ya ɗaure fuska ya ɗaga haɓa. Hoton Kefas na rigar kammala karatu kuwa a kan talabijin yake, jingine da kwalbar furen roba, duk ranar da aka yi shara sai ya faɗi. Aikin safiyo ya karanta a Birnin Kebbi, wato awon ƙasa da zana taswira. Ranar da ya kawo takardar shaidarsa gida, uban ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To, madalla. Yanzu me za ka riƙa aunawa?"

Sai da ya gaji da zaman gida kafin abin aunawa ya samu. Akwai wata ƙungiyar manoma da ke da ofishi mai ɗaki biyu a bayan kasuwa, wata mata da ake kira Madam Joyce ce ke riƙe da ita. A shekarun nan da tsaro ya lalace, mutane da dama daga wajajen Sakaba da Bena sun baro gonakinsu sun tare a Zuru. In abu ya lafa suka koma, sai su tarar ciyawa ta shafe iyaka, itacen da kowa ya sani shi ne alama an sare shi, maƙwabci da maƙwabci su kama rigima. Madam Joyce ta ce a auna gonar kowane ɗan ƙungiya a adana ta, yadda ko mutum ya daɗe bai je ba, iyakarsa tana nan.

Kefas ya karɓi aikin. Yakan fita da sassafe a kan babur, na'urar awo rataye a wuya, mai gona a bayansa. Ya taka kowace iyaka da ƙafarsa, cikin ƙaya da taɓo da karan dawa mai yankan hannu. Wasu wuraren sai da 'yan sa-kai suka shige gaba. Akwai ranar da shi da wani dattijo suka kwanta rubda-ciki a cikin dawa wajen Bena, suna jin ƙarar babura na wucewa a hanya, ba su san ko su wane ne ba. Ba ya son ba da wannan labarin.

Yana da wata al'ada tun daga makaranta. A kowace kusurwar gona yakan tsaya ya karanta lambobin da ƙarfi kafin ya adana su: ta arewa tukuna, sannan ta gabas. A ƙasar Zuru ta arewa sha ɗaya ce da 'yan kai, ta gabas biyar da 'yan kai. Haka aka koya masa, haka bakinsa ya saba, ko daga barci aka tashe shi haka zai faɗa.

Matsalar ita ce duk wannan awo yana kwance ne a cikin kwamfuta, jerin lambobi, ba mai gane shi sai Kefas. Shi da kansa ya ce wa Madam Joyce yana da aboki da ya san kan abin. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya: da bakinsa ya kawo shi.

Maharazu abokinsa ne tun firamare, benci ɗaya suka zauna. Ubansa ɗan Jega ne mai sayar da yadi a kasuwar Zuru, har yau harshen gidansu bai bar bakinsa ba. Ya karanta kwamfuta a Sakkwato, ya gama bautar ƙasa, shi ma yana zaman jiran aiki. Da ya zo, ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, ya kakkaɓe ta, ya haɗa ta da batirin sola. Ya sauke mata wata manhajar taswira irin wadda masu ita suka bar cikinta a buɗe, kyauta, kowa a duniya yana iya leƙa yadda aka ƙera ta ya ƙara mata abin da yake so. Ya zuba mata awon Kefas gaba ɗaya. Wannan kwamfutar ita suke kira uwar garke, don wurinta wayoyi da sauran kwamfutoci suke zuwa neman taswira.

To amma uwar garken ba ta san Saje Aaron ba, ba ta san kowa da suna ba, ita dai ta zana ƙasa. Sai Maharazu ya zauna ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja tasa, ya jona ta a jikin babbar. Mutum ya rubuta sunan manomi a waya, ita sai ta ruga ta tambayo uwar garke, ta dawo da gonar an zagaye ta da jan layi a kan hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Suka sa mata suna 'yar aike.

Ranar da aka fara nuna wa mutane, wata tsohuwa ta ga gonarta a wayar Madam Joyce, har da tsamiyar da ke tsakiya. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wane ne ya yi wannan?" Madam Joyce ta nuna Maharazu ta ce, "Ga Injiniya nan." Kefas yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk faso. Shi ya zagaye tsamiyar nan, har ya tsinci 'ya'yanta ya tsotsa.

Daga ranar sunan ya zauna. A kasuwa, a coci, a majalisar masu shayi, taswirar Maharazu ake cewa. Shi Injiniya ne, Kefas kuwa yaron awo. Wani abu ya tsiro a ƙirjin Kefas wanda bai taɓa sanin yana da wurin zamansa ba. Ya fara lura da abubuwan da ba su dame shi ba a da: yadda ƙafar Maharazu take sumul a cikin takalmi, yadda kujerarsa ce ke kusa da fanka, yadda Madam Joyce ke dariya tun kafin ya gama ba'a. In an yabi Maharazu shi ma yakan yi murmushi, sai dai muƙamuƙinsa ya yi ta ciwo har yamma.

Rannan dattijon nan na Bena, wanda suka kwanta tare a cikin dawa, ya shigo ofis da zabuwa a hammata. Kefas ya miƙe da murna zai gaishe shi. Dattijon ya miƙa masa zabuwar ya ce, "Yaro, riƙe mini nan. Ina Injiniyan? Na kawo masa ya sha romo." Kefas ya tsaya riƙe da ita tana fizge-fizge, har aka gama gaisawa da sa albarka.

Da dattijon ya fita, Maharazu ya ce, "Mutumina, zabuwar ga tamu ce mu biyu. Kai ka ɗauki cinyoyi, tunda kai ad da aikin ƙafa."

"Ci kayarka."

"Wai mi ya same ka kwana biyun ga? Ko budurwarka Rachael ta sake kashe maka waya?"

"Ba abin da ya same ni."

"To matso in koya maka abin ga, kada wata rana in yi tafiya ta tsaya muku."

Kefas ya matso, don yana son ya sani, kuma yana jin haushin yana son ya sani. Maharazu ya nuna masa komai, bai ɓoye ko layi ɗaya ba. Ga inda ake rubuta 'yar aike. Ga yadda ake ɗaure ta ta zama fayil guda. Ga jakar da ake jefa ta a cikin uwar garke, ga inda ake rubuta sunanta don babbar manhajar ta san da ita, sannan a kashe a sake kunnawa. Da Maharazu mai rowa ne da abin ya zo wa Kefas da sauƙi. Wannan sakin hannu nasa shi ya fi komai ƙona masa rai.

Can Maharazu ya ce, "Saura abu guda, kan lambobin ga na arewa da gabas. Akwai yadda..."

Kefas ya katse shi. "Lambobin awo kuma? Ni za ka koya wa lambobin awo?"

Maharazu ya ɗaga hannu biyu yana dariya. "Allah ya huci zuciyar safiyo. Na yi shiru."

Da yamma a gida Kefas ya kasa haɗiye abin. Saje Aaron yana zaune a tsakar gida yana ɓarar gyaɗa, rediyo a gefensa. Ya saurari ƙorafin har ƙarshe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Lokacin da na yi golmo, noman neman aure irin namu, don in auri uwarka, ka san ba ni kaɗai na nome gonar kakanka ba. Shekara da shekaru sa'o'ina suna zuwa da garmunansu, mu shiga tun rana ba ta fito ba. A cikinsu Francis ya fi ni ƙarfi, kuyyar da yake ja ta fi tawa. Ranar da aka gama, ba wanda ya ce a nuna masa inda Francis ya nome. Ni aka ba mata."

"Shi Francis ɗin fa?"

"Da nasa ya zo na je na yi masa. Shi aka ba tasa."

"To ai ku bi da bi kuke yi, Baba. Ni yaushe nawa zai zo?"

Saje ya hura ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Wannan abokinka za ka tambaya, ba ni ba."

Bai tambaya ba. Taron shekara na ƙungiya yana matsowa, inda za a nuna taswirar a gaban dukan manoma da dattawa, kuma Kefas ya riga ya ji yadda Madam Joyce za ta ce, "Ga Injiniya nan." Ya ƙudurta a ransa cewa a wannan ranar sai an ga sunansa. Ya fara rubuta tasa 'yar aiken a ɓoye. Tunda komai a buɗe yake, yakan leƙa ta Maharazu ya ga yadda aka bi, amma girman kai bai bar shi ya kwafa duka ba. Wurin da ake miƙa wa uwar garke lambobi ya rubuta shi da kansa, yadda ya san daidai ne. A saman allo kuma ya sa layi da manyan baƙaƙe: Awo da taswira, Kefas Aaron.

Suna da tsari a ofishin tun farko. Ranar Juma'a Kefas ke tsare wuri in Maharazu ya tafi masallaci, ranar Lahadi Maharazu ke leƙowa ya duba batir. Taron ranar Asabar ne. Jajibirinsa, da Maharazu ya sa hula ya ce, "Sai na taso, a yi mana tsaron gida," Kefas ya jira ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Ya buɗe jakar. Ya cire fayil ɗin Maharazu ya ajiye a gefe, ya jefa nasa, ya rubuta sunanta, ya kashe uwar garke ya kunna. 

Ta tashi lafiya. Ya rubuta sunan ubansa. Sabis ɗin ofis ba shi da ƙarfi a ranar, hoton tauraron bai sauko ba, sai farin allo kawai. Amma jan layin ya fito, gona ce sosai mai kusurwoyinta. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce masa gonar kamar ta kwanta a gefe, dogon ɓarin da ke bin rafi ba nan ya kamata ya fuskanta ba. Mutumin da ya taka wannan iyakar tun yana yaro ya isa ya tsaya ya duba. Idonsa dai yana sama, kan manyan baƙaƙen. Bai gama kallonsu ba ya ji babura sun fara dawowa daga masallaci, ya rufe komai.

Ranar Asabar zauren makarantar da aka ara ya cika har tagogi. An rataya farin zanin gado a bango, an kafa majigi, Madam Joyce ta aro na'urar intanet mai ƙarfi don kada a ji kunya. Ta ce za a fara da gonar dattijo, tsohon soja, Saje Aaron. Saje yana layin gaba da sandarsa, ya sa tsohuwar hularsa ta kaki.

Maharazu ya zauna gaban kwamfuta. Da shafin ya buɗe, yatsunsa suka tsaya. Ya dubi layin da ke sama, ya juyo ya dubi Kefas. Madam Joyce ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi, "Awo da taswira, Kefas Aaron." Aka ɗan tafa. Wata mata a baya ta ce, "Ashe ɗan Saje ne." Kefas ya ji wani sanyi mai daɗi ya sauka masa tun daga wuya. Abin da ya daɗe yana jira ke nan, kuma ya kai yadda ya zata.

Maharazu ya rubuta sunan Saje ya danna.

Ga Zuru a jikin zanin, ga duwatsu, ga rufin kwano na kasuwa. Sai hoton ya ɗaga sama, garin ya ƙanƙance, ƙasa ta fara gudu. Ta yi kudu, ta karkata gabas. Manyan koguna suka wuce. Launin ƙasa ya tashi daga ja-ja ya koma kore shar. Wani layi mai ɗigo-ɗigo ya gifta. Sannan hoton ya sauko a hankali cikin wani daji mai duhun itatuwa, jan layin gonar Saje ya zauna a tsakiyarsa daram.

Zauren ya yi tsit. Wani malamin makaranta ya matsa kusa da zanin ya karanta rubutun da ke gefe, ya juyo. "Wannan fa Kamaru ce."

Saje Aaron ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ƙura wa zanin ido, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Na yi zaman rami a Bakassi har ƙafata ta ruɓe, mutanen nan ko kuyya ɗaya ba su ba ni ba. Ashe ɗana ya karɓo mini." Ya juya wajen Kefas. "To wa zai riƙa kai ni noma? Kai?"

Dariya ta fashe har ana buga benci. Amma ba kowa ya yi ba. Dattijon nan na Bena ya tashi a tsakiyar mutane. "Ku dakata. In ta Saje da ke nan bayan dutse ta tafi wata ƙasa, tawa fa? Ni na daina zuwa dubawa saboda an ce tana cikin na'ura. Tawa tana ina?"

Dariyar ta mutu. Mutanen Sakaba da Bena suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Kefas ya ɗaga ido ya dubi zanin. Sunansa yana nan a sama da manyan baƙaƙe, kowa yana gani. 

Maharazu bai ɗago ba. Ya buɗe cikin 'yar aiken, ya gangara, ya tsaya a wuri guda. Ya ce a hankali, yadda Kefas kaɗai zai ji, "Abin da nis so in gaya maka ke nan. Kai arewa kaka farawa. Ita uwar garke, ta wannan ƙofar, gabas taka fara ji. Ka ba ta sha ɗaya ta ɗauka gabas ce, ka ba ta biyar ta ɗauka arewa ce." Ya sauya wa kalmomi biyu wuri, ya sake ɗaure fayil ɗin, ya kashe ya kunna. Kafin ta tashi ya miƙe ya fuskanci zauren. "Baba, ku kwantar da hankalinku. Awonku lafiya lau yake, ba abin da ya taɓa shi. A hanya 'yar aike ta juya saƙo."

Ya danna. Ƙasa ta sake gudu, wannan karon ta yi arewa, kore ya koma ja-ja, ga duwatsun Zuru, ga rafi, ga gonar Saje ta kwanta a gefensa yadda take tun kakanni. Aka nemo ta dattijon Bena, ita ma tana inda ya bar ta. Tafin da aka yi ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Madam Joyce tana share gumi tana cewa, "Injiniya! Allah ya yi maka albarka, Injiniya!"

Bayan an watse, su biyu suka rage suna naɗe wayoyin lantarki. Maharazu ya ce, "Mi ya hana ka gaya mini?"

Kefas ya ci gaba da naɗe waya. Can ya ce, "Taka 'yar aiken tana nan a gefe. Me ya sa ba ka mayar da ita ba?"

"Taka tana aiki."

"Sunan fa? Ba ka cire ba."

Maharazu ya dube shi da mamaki na gaskiya. "In cire don mi? Ai awonka ne. Da ka ce mini kana so, da tuni na sa."

Kefas ya so a ce zagi ya sha. Da ya san abin da zai yi da zagi. Yanzu ga sunan nan a saman allo, a kowace waya, kuma ya san yana nan ne don Maharazu ya bar shi.

Garin kuwa ya ba shi wani sunan da bai roƙa ba. Kafin Lahadi ta zagayo, masu babur a bakin kasuwa suna ɗaga masa hannu suna cewa, "Na-Kamaru, yaushe za a tafi girbi?" Saje kansa in zai aike shi sai ya ce, "In ka dawo daga ƙasar waje ka biya ka sayo mini batir." An daina cewa taswirar Maharazu. Taswirar Na-Kamaru ake cewa, ana dariya.

Wata Juma'a yana zaune shi kaɗai a ofis, ya buɗe cikin 'yar aiken, ya kai kan layin da sunansa yake. Ya daɗe da yatsa a kan maɓallin gogewa. In ya goge, Maharazu zai tambaye shi dalili da wannan fuskar tasa mai tsabta. In ya bari, kullum sai ya gan shi. Yana cikin haka wani mutum ya yi sallama a ƙofa, da ƙurar hanya har gwiwa.

"Kai ne Na-Kamaru?"

Kefas ya ɗago. "Ni ne."

"Daga Sakaba nake. Mun koma, ni da maƙwabcina mun rasa inda iyaka take. Na tare Injiniya a hanyar masallaci, ya ce shi ba ya iya nuna abin da ba ka taka ba, in zo wurinka."

Har wannan ma daga hannun Maharazu ya fito. Kefas ya dubi allon, ya rufe shi yadda yake, bai goge ba. Ya ɗauki na'urar awo ya rataya a wuya, ya laluba makullin babur.

"Sai mu jira ya taso daga masallaci," in ji shi. "Ba a barin ofis ba kowa."